Ɓawon Bulo a Hannun Kawu

Kawuna birkila ne. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana ɗora bulo kan bulo, kuma idan ka ce masa magini sai ya gyara maka. Ya ce kowa ma magini ne, har tsuntsu, shi dai birkila ne. Yayan mahaifiyata ne, gajere mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kaushi kamar takardar goge katako. Yana ɗan shekara goma sha tara ya fara, lokacin da ake gina makarantu da asibitoci da jan bulo gasasshe, wanda ba a yi masa filasta, ba a yi masa fenti, duk kuskuren da ka yi yana nan a fili har jikokinka su zo su gani. Da muna yara, idan ya ɗauko mu a babur, yakan rage gudu a gaban wani gini ya nuna da haɓa ya ce, “Daga taga ta uku zuwa kwana, ni ne.” Ba ya cewa shi ya gina. Iya inda hannunsa ya taɓa yake faɗa.

Sai zamani ya juya. Jan bulo ya yi tsada, ga nauyi, ga cin lokaci. Kowa ya koma bulon siminti, a ɗora, a shafe da filasta, a rufe da fenti. Kawu ya bi don dole, yana mita. Daga baya 'yan kwangila suka fara tsallake shi suna neman masu sauri, gwiwarsa ta hagu kuma ta fara ciwo. Bara sai da ya yi wata biyar bai riƙe cokalin gini ba, in ban da gyaran matakalar wani maƙwabci.

Babban ɗansa, wanda muke kira Dogo, yana da shagon kayan wutar lantarki a bakin titi. Shi da Inna, matar Kawu, suka haɗa kai a kan magana ɗaya: ya ajiye cokali ya zo ya zauna a shago, ya huta. Kawu ya yi ta turjiya har ya gaji. A ƙarshe ya ce a ba shi wata uku. In sun cika bai samu aikin kirki ba, zai tafi shagon, ba zai ƙara cewa uffan ba. Kawu ba ya magana biyu, shi ya sa alkawarin ya fi tsorata shi fiye da kowa.

A cikin watannin nan ne aikin asibitin ya shigo ofishinmu.

Zanen gine-gine na karanta a jami'a, kuma a lokacin wata bakwai ke nan da fara aikina a wani ƙaramin ofis mai tebur biyar. Ba ni da yawan magana, don haka a taro ni ce mai rubuta abin da wasu suka ce. Wani likita ne ya gina asibiti mai hawa uku da bulon siminti, amma yana so fuskar ginin ta fito kamar jan bulo, irin asibitin da ya yi koyon aiki. Shugabar ofis, wadda muke ce wa Madam, ta sa aka ajiye min samfur iri uku a gefen tebur. Ta ce in kwatanta su, sannan in rubuta ƙa'idojin aikin.

Na farko filasta ce kawai. A shafa ta, a zana mata layukan bulo tana ɗanya, a yi fenti ja. Ita ta fi sauƙi, amma na je na ga wani gini da aka yi wa haka shekara huɗu da suka wuce: rana ta koɗar da jan, tsagewa kuma ta bi ta tsakiyar bulon da aka zana. Na ɗauki hoto na kawo wa Madam, ta kalla sau ɗaya ta ce, “Cire wannan.”

Na biyu allunan siminti ne, kowane kamar rabin ƙofa, an matsa musu siffar bulo tun daga masana'anta. Ana kafa ƙarafa a jikin bango, a rataye allunan a kai, a ɗaure da noti. Tsakaninsu da bango akwai ɗan fili da iska ke bi, don haka zafi ba ya shiga ɗaki sosai. Kamfanin da ke sayar da su shi ke kawo ma'aikatansa.

Na uku jan bulo ne na gaske, gasasshe, amma an yanka shi falle-falle, kaurin yatsa. Ɗaya bayan ɗaya ake manna shi da wani irin gam na siminti, sannan a cike tsakani. Ya fi kyau nesa ba kusa ba. Matsalarsa ita ce komai ya dogara ga hannun mai mannawa. In bai kama da kyau ba, wata rana falle zai ɓalle daga sama ya faɗo kan mutum. Ɗan kwangilar da ke aikin asibitin ya ce shi ba shi da wanda zai amince wa da wannan aikin, a yi alluna kawai a wuce wurin.

Ranar Asabar na sa falle ɗaya a jaka na tafi gidan Kawu. Na same shi a tsakar gida yana gyaran ƙafar kujera, Inna tana shanya. Bayan mun gaisa na miƙa masa fallen.

Ya juya shi gaba da baya. “Wannan fa, 'yar nan?”

“Bulo ne, Kawu.”

“Bulo? Sun fere bulo, sun cinye tsokar, sun ba ki ɓawon.” Ya ɗaga wa Inna. “Zo ki ga abin da ake koya musu a jami'a. Ɓawon bulo!”

Inna ta ce, “Ai gara ɓawon, ko ba komai ba zai karya wa mutum baya ba.”

Ya ɓantari gefensa da filaya ya duba launin ciki. Sai fuskarsa ta canza. “Amma fa ya gasu. Wanda ya gasa wannan ya san wuta.” Ya tambaye ni yadda ake sa shi da wanda zai sa. Na gaya masa babu kowa, shi ya sa ake shirin yin alluna. Na ƙara da cewa Madam ta ce in an samu mai iyawa, za a ba shi gefen bango ya yi gwaji kusa da na kamfani, a gwada a gani.

Ya daɗe yana kallon fallen. Inna ta daina shanya tana kallonsa.

“Akwai saura a ofishin naku?” in ji shi.

Ranar Litinin sai da na je ƙofar Madam sau biyu ina komawa kafin na shiga. Na ce akwai birkila, amma kawuna ne, gara ta sani tun yanzu. Ta cire tabarau ta dube ni. “Ke za ki zaɓa?” Na ce a'a. “To mene ne na rawar murya? Bango za mu duba, ba dangi ba. A kai masa kwali biyu da buhun gam. Sati huɗu.”

Bayan kicin ɗin gidansa akwai bango mai filasta, nan ya zaɓa don koyo. Da na je da yamma bayan an tashi daga aiki, na tarar ya ja zare, ya kafa katako a ƙasa don layin farko, komai tsaf. Amma fallayen suna cikin durom, ruwa ya rufe su. Tun jiya ya jiƙa su. Yana tsamo ɗaya yana ɗiga, ya ɗebo gam da cokali ya lafta masa tuli a tsakiya, ya danna a bango. Hannunsa yana tafiya kamar ba na mai shekara sittin ba.

Na san ba haka ake yi ba. Na karanta takardar kamfanin gam ɗin sau uku. Amma ta yaya zan gyara masa? Mutumin nan yana gini tun kafin a aurar da mahaifiyata, ni kuwa ko bulo ɗaya ban taɓa ɗorawa ba. Na zauna a kan turmi ina kallon layi na uku yana zamewa ƙasa a hankali, yana tura shi sama da babban yatsa.

Bayan kwana biyu na koma. Dogo ma ya zo. Kawu ya sa farce a gefen falle ɗaya ya ɗan ja, sai ga shi a hannunsa, bayansa fes kamar ba a taɓa shafa masa komai ba. Ya ja na kusa da shi, shi ma ya biyo. Na uku ma bai jira an taɓa shi ba.

Dogo ya ƙyalƙyale da dariya. “Baba, bangon kicin ne ya fara famfara?”

“Rufe min baki, mai sayar da ƙwan fitila.”

“Ni dai ƙwaina in na ɗaura ba ya faɗowa.”

Inna ta leƙo ta taga ta ce, “Malam, saura sati shida fa. Ni dai ina ƙirgawa.”

Kawu ya ce gam ɗin ne na banza. Ya ɗaga buhun zai jefar gefe. Ban san lokacin da magana ta fito min ba.

“Kawu, a jikin buhun an ce kada a jiƙa.”

Ya juyo. “Wa ya ce?”

“Buhun.”

“Buhu ya taɓa gini?”

Na sunkuyar da kai. Ya fara yi min bayani kamar yana gaya wa ƙaramar yarinya. Jan bulo ƙishirwa gare shi. In ka ɗora shi a bushe sai ya tsotse ruwan kwaɓin, kwaɓi ya mutu kafin ya kama. Abin da maigidansa ya fara koya masa ke nan, kuma sati biyu ya yi ba abin da yake yi sai jiƙa bulo kafin a bar shi ya taɓa cokali. Birkilan da bai jiƙa bulo ba, in ji shi, korarsa ake yi.

Na ce, idona a ƙasa, gaskiya ne a kan kwaɓi. Amma wannan ba kwaɓi ba ne. An sa masa sinadarin da ke riƙe ruwansa, kuma siriri ake shafa shi. Yana bukatar busasshen wuri ya kama. In fallen ya jiƙe, ruwa ne ke shiga tsakaninsu. Kuma ba tuli ake sawa a tsakiya ba, bangon ake shafewa da ƙarfe mai haƙora, a shafe bayan fallen gaba ɗaya, a danna a ɗan murza.

Dogo ma ya daina dariya. Kawu ya kalli durom, ya kalli bangon, ya kalli hannunsa. Sai ya jawo buhun ya ajiye a gabana, ya zauna a ƙasa yana miƙe ƙafar da ke ciwo.

“Karanta min daga farko. Ki juya min shi da Hausa, a hankali. Kar ki tsallake ko ɗigo.”

Na karanta. Ya sa na maimaita wurin haƙoran ƙarfen, ya tambayi zurfinsu, na nuna masa a tef ɗin awo. Washegari ya ɗauko tsohon ƙarfensa na shafe filasta, wanda ya fi ni shekaru, ya ɗaure shi a bakin benci ya yanka masa haƙora da zarto da magagari, ɗaya bayan ɗaya. Ya kankare bangon kicin. Ya baza fallayen a rana kwana uku yana juya su. Inna ta ce tunda take da shi ba ta taɓa ganin ya yi wa wani abu hidima haka ba, har ita.

Sau huɗu ya manna ya ɓamɓare. Ba ƙarfi aikin ke nema ba, mantuwa yake nema, kuma ita ce ta fi ba shi wuya. Na sha ganin hannunsa ya ɗauki falle ya nufi bokitin ruwa da kansa, sai ya tsaya a hanya ya yi tsaki. Daga ƙarshe ya ce wa Inna ta ɗauke bokitin daga tsakar gidan gaba ɗaya. A karo na huɗu, bayan sati guda, ya sa kurfi da guduma, fallen ya gwammace ya fashe da ya saki bango.

Ni ma na samu nawa a wurinsa. Ya duba hotunan allunan a wayata ya ce, “Duk a tsakiyar bango suka ɗauka. Ina kwana? Ina bakin taga? Ki ce su nuna miki nan.” Na gaya wa Madam, na kuma gaya mata daga bakin wa na ji. Ta ce magana ce mai kyau ko daga bakin wa ta fito. Na rubuta a ƙa'ida cewa kowane gwaji sai ya haɗa da kwanar bango ɗaya da saman taga ɗaya.

Kafin ya fara gwajinsa a asibitin, Kawu ya je da wani dogon katako miƙaƙƙe. Ya jingina shi a bango, ya yi alamar ƙasan taga da ta linta, wato samanta, sannan ya zauna da fensir yana raba tsakanin zuwa layuka. Ya ƙara wa kowane tsakani abin da bai kai kaurin farce ba, har layukan suka cika daidai. Ma'aikatan kamfani suka gama nasu cikin awa uku suka tafi. Shi kwana uku ya yi.

Bayan sati muka taru da safe: Likita, Madam, ɗan kwangila, wakilin kamfanin alluna da jakarsa, Kawu da ni da littafina. Daga bakin titi duka biyun jan bulo ne, ba ka ce komai. Da muka matso sai bambanci ya fito. A na kamfani, layin da ke saman taga yankakke ne, siririn bulo kamar yatsa biyu, don allo ba ya miƙewa ba ya tsukewa. A kwana kuma an rufe haɗin da ƙarfe mai fenti. A na Kawu, cikakken bulo ne ya zauna kan taga, fallayen kwana masu lanƙwasa suka zagaya kamar bangon ya yi kaurin gaske. Likita ya shafa da tafin hannu, ya sake shafawa.

Wakilin kamfani ya ce, “Baba, aikinka ya yi kyau, ba ƙarya. Amma mu nan da sati biyu mun rufe ginin nan. Kai sai yaushe? Sai marasa lafiyan sun warke da kansu?”

Kawu ya ce, “Ɗana, wanda ya gina gidan da aka haife ka ma bai yi sauri ba, ga shi ka fito da kyau.”

Aka yi dariya. Madam ba ta yi ba. Ta ce ƙa'ida ta ce a ɓamɓare biyar a duba bayansu. Kawu ya ciro kurfi da guduma daga jakarsa ya miƙa wa ɗan kwangila. “Kai ka zaɓa. Duk wanda ka ga dama.” Mutumin ya zaɓi na can ƙasa, da na kwana, da wanda ke saman taga. Sai da ya yi gumi. Uku sun fashe, biyu sun fito da filastar bangon a manne a bayansu. Madam ta juya kowane ta ga gam ya rufe shi baki da baki. Ta ce min, “Rubuta.” Na rubuta.

Wakilin bai karaya ba, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Ya ce a hawa na uku ba mai ganin siririn layi. Ya ce ɗakunan kwanciya suna sama, suna kallon yamma, filin iskar da ke bayan allo zai rage musu zafi. Ya ce allo da noti aka ɗaure shi, ba ya faɗowa. Madam ta juyo ta tambaye ni abin da kwatancena ya nuna. Na ce haka ne. Na ƙara da cewa a ƙasa kuma, inda keken marasa lafiya da babura ke gogar bango, allo in ya fashe sai an cire shi ɗungurungum, falle kuwa ɗaya za a canza. Ban kalli Kawu ba da nake magana.

Likita ya yanke: hawa biyu na sama alluna, hawan ƙasa duka da ƙofar shiga da katangar gaba fallen bulo, kuma Kawu ne zai yi.

Na ɗauka zai yi murna. Sai ya ɓata fuska ya ce shi zai iya har sama. Madam ta ce, “Baba, na san za ka iya. Ba hannunka muke shakka ba, zafin ɗakunan muke dubawa.” Ya ɗaga kai ya kalli hawa na uku, ya daɗe, sannan ya ce to, amma da sharaɗi: ma'aikatan kamfani su fara layinsu daga inda nasa ya tsaya, shi zai ja musu zare, kada a zo sama da ƙasa suna gardama. Wakilin ya ce ya yarda, in dai Baba ba zai sa su jiƙa allunan ba. Ashe labarin durom ya riga mu zuwa, Dogo ne ya baza shi a shago.

Saura kwana tara wa'adin ya cika. Inna ta ji labari ta ce, “To, Allah ya sa alheri. Amma maganin gwiwar nan a aljihunka zai riƙa kwana.” Dogo ya ce shi dama bai shirya raba shago da mai faɗa ba.

Aikin wata biyu ne, kuma ni Madam ta ɗora wa dubawa duk ranar Laraba. Ƙa'idar da na rubuta da hannuna ta ce a bi bango da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa, duk fallen da ya yi ƙarar kogo a yi masa alama da alli a cire. Larabar farko ban samu komai ba. Ta biyu, a gefen ƙofar shiga, biyu suka amsa da wata murya daban. Na sake bugawa, ko kunnena ne. Ba kunnena ba ne. Kawu yana can ƙarshen bango yana cike tsakani, bayansa gare ni. Allin yana hannuna, na tsaya.

“'Yar nan, na ji daga nan,” ya ce, bai juyo ba. “Me kike jira?”

Na ja musu alama. Ya taso yana ɗingishi kaɗan, ya karɓi gudumar, ya kara kunne ya bi layin da kansa. Ya ce ranar rana ta yi zafi, gam ya fara bushewa a bango kafin ya kai nan, ya kamata ya kankare ya sake shafawa, bai yi ba. Ya wuce biyun da na zana, ya buga na gaba, ya sake bugawa.

“Ba ni allin,” ya ce. “Kin tsallake ɗaya.”